Tseren Utai da Tabarmar Suruki

Ranar wata Talata ce cikin watan Oktoba na shekarar 1955, da ƙarfe goma na safe, a ƙaramin ofishinmu na rabon iri da awon amfanin gona a Wudil. Mu uku ne a ciki: Babban Akawu a kan kujerarsa mai hannu, da malamin wasanni na wata makaranta da ke kusa da mu a kan benci, sai ni, ƙaramin akawu, a tsaye, domin malamin ya ɗora jakarsa a inda ya kamata in zauna. A waje, gindin maɗaci, mutum biyu na jira. Aikin masinja suke nema, gurbin kuma ɗaya ne.

Tsohon masinjanmu ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Aikin ba shi da wuyar bayani: a ba ka takarda da safe, ka kai ta Achika ko Utai ko Ɗankaza da ƙafarka, ka dawo da amsa kafin a rufe ofis. Ladansa albashi duk wata, da kaki, da ɗamara mai ƙarfe. A wancan zamani mutum kan rene iyali da wannan, har a riƙa tashi a ba shi wuri a gidan suna.

Ɗaya daga cikin masu neman ɗan baffana ne, wanda nake ce wa Yaya. Mutumin Achika ne, shekarunsa sun haura talatin, yana da mata da 'ya'ya uku da gonar da aka raba gado har ta koma ba ta kai su ko rabin shekara. Shi ne ake tura wa ƙauyuka idan an yi rasuwa. Gawa ba ta jira, saboda haka sai a tashe shi da asuba ya sanar da dangi a gari uku, ya dawo ya sami sallar jana'iza. Shekara goma sha wani abu yana wannan, ba a biyansa sai da addu'a. Gudunsa iri ɗaya ne tak, sassarfa. Ba ya ƙarawa, ba ya ragewa, hannu ɗaya dafe da hula, bakinsa a rufe. Idan mata suka hango shi daga bakin rijiya sai su sauke tulu su fara salati tun bai iso ba.

Na biyun wani saurayi ne ɗan shekara goma sha tara, tsohon ɗalibin malamin wasanni. Dogo ne, yana da farin takalmin kambas da yake gogewa da alli, kuma shekara biyu a jere babu wanda ya riga shi a tseren yadi ɗari na makaranta.

Malamin ba ma'aikacinmu ba ne, ba a kuma kira shi ba. Ya zo ne da agogonsa. Wani agogo ne mai maɓalli a ka, a danna ya tashi, a danna ya tsaya, wanda ya dawo da shi daga wani kwas da aka tura shi. Tun daga lokacin babu abin da ya tsira a Wudil. Ya auna alwalar ɗalibansa, ya auna yadda mai shayi ke sheƙa shayi, ya auna jakin da ke hawo da yashi daga kogi. An ce ya taɓa shiga masallaci da shi ranar Juma'a, amma ban gani da idona ba.

Ya ce wa Babban Akawu, “Ranka ya daɗe, maganar nan ba ta neman shawara. Masinja gudu yake yi. Gudu kuwa ana aunawa. A ba ni yadi ɗari da mutanen nan biyu, in ba ka masinja kafin azahar.”

Babban Akawu mutum ne mai son kallo, ba ya kuma son a ce shi ya zaɓa. Ya ce a yi haka.

Aka ja layi a filin da ke bayan ofis. Malam ya busa usur. Saurayin ya fita kamar an harbo shi, ya taɓa igiya, ya juyo, ya gyara igiyar takalminsa. Yaya kuma yana tafe da sassarfarsa, hannu a hula, yana kallon gabansa kamar mai ɗauke da labarin rasuwar wani dattijo da aka daɗe ana jinya. Masu awon gyaɗa suka yi ta dariya har wani ya zauna a kan sikeli. Daƙiƙa goma sha biyu ga saurayi, ashirin da biyar ga Yaya.

Muka koma ofis, Malam ya karɓi fensirina ya shiga lissafi a bayan wata takardar iri. Ya riga ya auna hanyar Utai da kekensa, ya ɗaura tsumma a taya yana ƙirga juyinta, ya sami mil shida zuwa, shida dawowa. Ban taɓa bin sawun wannan awo ba, a yadda ya faɗa nake faɗa. Ya ce mil guda yadi dubu ɗaya da ɗari bakwai da sittin ne. Wanda ke cin yadi ɗari cikin daƙiƙa goma sha biyu, zai ci mil cikin minti uku da rabi. Mil goma sha biyu, minti arba'in da biyu. Yaya kuwa awa ɗaya da minti ashirin da takwas. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya miƙa wa Babban Akawu.

Ba a fi shekara da 'yan watanni ba da muka ji a akwatin rediyo Turawa na ta murna domin wani nasu ya yi mil guda cikin ƙasa da minti huɗu, sau ɗaya, ya kuma faɗi ana yi masa fifita. Malaminmu ya ba ɗalibinsa uku da rabi, sau goma sha biyu a jere, a kan yashi.

Na ce, “Ranka ya daɗe, in an yarda in ce wani abu. Takardunmu ba yadi ɗari suke zuwa ba.”

Malam ya dube ni ta saman tabarau. “Ƙaramin Malam, lissafi ka fi ni ko gudu?”

“Ko ɗaya, Malam. Hanyar Utai kawai na sani.”

“To lissafi bai san ɗan baffa ba.”

Babban Akawu ya yi murmushi, domin ya hango kallo mafi girma fiye da wanda ya gani. Ya yanke cewa ranar Asabar ta sama, da ƙarfe bakwai na safe, za a tashi daga ƙofar ofis a je Utai a dawo. A can wani zai zauna gindin tsamiya da tawada ya dangwala wa kowa a tafin hannu. Wanda ƙirjinsa ya fara taɓa igiya, kaki nasa ne. Malam ya ce a ƙasashen waje ma ana irin wannan, har mil ashirin da shida, ana ce masa gudun fanfalaki. Da zai fita ya tsaya a ƙofa ya ce, “Ko a can, Ƙaramin Malam, wanda ba shi da wutar ƙarshe kallon bayan mutane yake yi.” Duk cikin maganganunsa na ranar wannan kaɗai ta tsaya mini a rai, domin na ji tsoron gaskiya ce.

Kwana goma sha ɗaya muke da su. Na hau keke na tarar da Yaya a Achika yana roron wake.

Na ce, “Yaya, idan kuka zo ƙarshe kafaɗa da kafaɗa, me za ka yi?”

“Ba za mu zo ba.”

“In kun zo fa?”

“Sai in ci gaba da tafiyata.”

“Sai ka zura. Taku hamsin kawai. Ka buɗe ƙafa iyakar ƙarfinka.”

Ya miƙe ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. “Malam, boko ya taɓa ka. Magidanci da 'ya'ya uku ya zura da gudu a tsakiyar Wudil? Abu uku ke sa babba ya zura: gobara, ko an biyo shi, ko shi ya biyo wani. Wanne za a ce nawa?”

“Za a ce masinja.”

“Ɓarawo za a ce. Kai ka san bakin Wudilawa.”

Kwana uku ina zuwa kafin ya yarda ya gwada, da sharaɗin a bayan gonar dawa, inda karan ya fi mutum tsawo, kuma in juya in tabbatar babu mai zuwa. Ya cire hula ya ba ni, abin da ban taɓa gani ba. Na tafa, ya zura. Ba ni da agogon Malam, amma ina da ido. Bai kai saurayin ba, ba zai taɓa kai shi ba, amma saurin yana nan, a naɗe kamar rigar Salla a ƙasan adaka. Na yi lissafina ni ma: bayan mil goma sha biyu, wannan ya ishe shi har ya yi saura. Ya karɓi hularsa yana haki ya ce kada in kuskura matarsa ta ji.

A nan ya kamata in tsaya. Amma shekaruna ashirin da biyu, kuma an ba ni aikin shirya wurin zama.

Yaya yana da suruki, dillalin shanu a karar Wudil, tsoho mai ƙiba da jan rawani da sanda mai kan azurfa. Bai taɓa zagin Yaya ba. Abin da yake yi kawai, idan aka tambaye shi sana'ar mijin 'yarsa, sai ya ce, “Yana ƙoƙari,” ya kawar da kai. Ni kuwa abin yana ƙona mini rai. Na ce a raina bari tsohon nan ya zauna ya ga ƙoƙarin da idonsa. Na je har gida na durƙusa na gayyace shi da sunan ofis. Ban gaya wa Yaya ba, ina so ya zama abin daɗi. Ranar Asabar na zaɓi inuwa mafi kyau, ta wata ɗorawa a bakin hanya, taku talatin kafin igiya, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na ɗora buzu, na ajiye buta da goro. Na ja da baya na duba, na yaba wa kaina.

Ƙarfe bakwai daidai Malam ya busa usur ya danna agogo. Tsohon bai iso ba tukuna, manya ba sa sammako don kallon gudu. Saurayin ya fita da irin fitarsa ta yadi ɗari, jama'a suka ɗauki sowa, kafin a ƙifta ido ya sha kwanar bishiyar kuka. Yaya ya bi da sassarfa, ba takalmi, hannu a hula. Wani mahauci ya ɗaga murya ya ce, “Allah ya jiƙan wanda ya rasu!” Aka amsa da amin cikin dariya.

Mutane sun taru fiye da yadda na zata. Mai ƙosai ta kawo kaskonta. Babban Akawu ya sa aka fito da kujerarsa mai hannu. Wajen bakwai da rabi surukin ya iso, na raka shi tabarmarsa, ya zauna ya miƙe ƙafa ya fasa goro.

Da minti arba'in suka cika Malam ya sa aka ja igiya ta miƙe, ya kori awaki daga hanya, ya tsaya da yatsa a kan maɓalli. Arba'in da biyu suka zo suka wuce. Hanya fayau, sai wata mata da ƙwaryar nono. A minti hamsin ya kara agogon a kunne. A awa guda ya girgiza shi. Babban Akawu ya ce, “Malam, ko ya wuce ne ba mu gan shi ba saboda sauri?”

“Yashi ne, ranka ya daɗe. Ban sa yashi a lissafi ba.”

“A sa shi mana.”

Da awa ɗaya da kwata wani mai sayar da goro ya iso a kan keke daga wajen Utai, aka yi masa ca. Ya ce ya ga saurayin a zaune gindin tsamiya, kambas a hannu, yana amayar da kokon da ya sha da safe. Yaya ya iso ya same shi, ya yi masa sannu, ya miƙa hannu aka dangwala masa tawada. Sai dai kafin ya juyo, matan Utai sun riga sun hango shi. Wata tsohuwa mai ɗa a Achika ta riƙe masa riga tana kuka, wai sai ya faɗa mata wanda ya rasu. Ya ce babu. Ta ce ɓoye mata yake yi. Sai da ya lissafa mata mutanen gidan ɗanta ɗaya bayan ɗaya, ya rantse kowa ya karya kumallo, sannan ta sake shi. A cikin wannan saurayin ya farfaɗo, ya sha ruwa, ya riga shi tashi. Amma mai goro ya ce ya ga Yaya ya wuce shi tun kafin su bar gonakin Utai.

Malam ya ce dabara ce, yaron yana ajiye ƙarfi ne.

Awa ɗaya da minti talatin da bakwai, aka hango hula a kwanar kuka. Idan aka cire abin da tsohuwar Utai ta ci, lissafin Malam ya fito daidai, kusan har daƙiƙa. Ya yi daidai ne ga mutum ɗaya kawai a ƙasar Wudil, mai gudu iri ɗaya, wanda ba dominsa aka yi lissafin ba. Yaya na tafe kamar yadda ya fita, sai dai rigarsa ta jiƙe. Can a bayansa, tazarar da ta kai taku ɗari biyu, saurayin ya ɓullo yana tangaɗi, baki buɗe, kai a karkace, yana jan ƙafa. Zan faɗi wannan dominsa: wani da tuni ya kwanta a gonar mutane. Shi bai kwanta ba.

Jama'ar da ta yi wa Yaya dariya ita ce ta juya tana yi masa kirari. Na tsaya kusa da igiya ina ƙirga takun da suka rage masa. Taku sittin. Taku hamsin. Taku arba'in. Sai na ga kansa ya juya dama, ya ga jan rawani.

Sassarfar da ba ta taɓa sauyawa ba cikin shekara goma sha ta mutu nan take. Ya koma tafiya. Ya sauka daga kan hanya, ya tsaya nesa kaɗan da tabarmar yadda ya dace, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

“Baba, ina kwana?”

“Lafiya lau,” in ji tsohon, yana tauna goro. “An tashi lafiya?”

“Lafiya lau, Baba.”

“Ina gajiya?”

“Ba gajiya.”

“Ya mutanen gida?”

“Lafiya lau suke.”

“Yaran fa?”

“Suna gaishe ka.”

Na yi ihu, “Yaya! Tashi! Igiya!” Ko gezau. Wanda ya taso a inda muka taso ya san ba a wuce suruki a tsaye, balle a guje, kuma wanda ya durƙusa ba ya tashi sai an sallame shi. Ni ma na sani. Na sani tun ina yaro. Tabarmar ce kawai ban haɗa da wannan sanin ba lokacin da nake shimfiɗa ta.

“Ya aikin kaka?”

“Alhamdu lillahi.”

“An cire gyaɗar?”

“An cire, Baba.”

“Madalla. Waken fa, bai yi tsutsa ba?”

“Kaɗan ne.”

“Bana ko'ina haka. Ina labari?”

“Sai alheri.”

“To madalla. Sai alherin dai ko?”

“Sai alheri, Baba.”

Mahaucin nan ya daka tsalle yana cewa, “Baba, sallame shi don Allah, ka tambayi waken gobe!” Tsohon bai ko dube shi ba, dillalin shanu ba ya karɓar umarni daga mahauci. Saurayin ya iso daidai ɗorawar. Ban tabbata ya san inda yake ba. Ya wuce su yana numfashi kamar zugazugi, ƙafa ɗaya da kambas, ɗaya babu.

“Ita uwar yaran, ƙafar tata ta yi sauƙi?”

“Da sauƙi.”

“Allah ya ƙara sauƙi. To, a gai da gida.”

“Za su ji, Baba.”

Yaya ya miƙe. Ko a nan bai zura ba, domin ba a juya wa suruki baya a fyalle kamar an tsira daga hannunsa. Ya ja da baya taku biyu, ya juya a hankali, ya taka uku cikin natsuwa. Saurayin na da saura taku goma sha. Sannan Yaya ya saki hular, ta faɗi a ƙasa, ya buɗe ƙafa.

Wannan ne karo ɗaya da Wudil ta ga ya zura. Sowa ta ɗauke, wurin ya yi tsit, sai ƙarar ƙafarsa. Ya cinye tazarar kamar ɗayan a tsaye yake. Da hanyar ta ƙara taku biyu, da ya wuce. Saurayin ya faɗa kan igiya, faɗuwa ba taɓawa ba, igiyar ta tafi da shi ƙasa, Yaya ya tsallake shi don kada ya taka shi.

Malam ya danna agogo, ya ɗaga shi sama. Fuskarsa na sheƙi.

“Ranka ya daɗe, me na ce? Sauri! A ƙarshe mai sauri ke ci.”

Na ce, “Malam, mai saurin ai shi ne ya zo na biyu.”

“Ƙaramin Malam, ni igiya na gani.”

Na juya ga Babban Akawu. Na ce kowa ya ga abin da ya faru, kuma masinjan da muke nema mai kai takarda ne ya dawo a kan ƙafafunsa, ga ɗaya a tsaye yana kakkaɓe hula, ga ɗaya ana zuba masa ruwa a ka. Ya saurare ni har na gama, yana gyaɗa kai. Sannan ya ce, “Da bakina na ce wanda ƙirjinsa ya fara taɓa igiya, a gaban mutane. Kana so a ce Babban Akawu magana biyu yake yi?” Ya ƙara da cewa, “Af, wa ya shimfiɗa tabarmar can?”

Bai ma jira amsa ba.

Da zan raka surukin, na riƙe masa buzu, ya tsaya ya dubi Yaya daga nesa, ya tofar da tukar goro. Ya ce da ni, “Yaron yana da ladabi. Sauri ne dai Allah bai ba shi ba.” Har yau ban san ko ya fahimci abin da ya yi ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana jan ciniki har mai saniya ya gaji ya sallama, da wuya a ce bai san amfanin doguwar gaisuwa ba. Amma kuma na san da ya sallami Yaya da gaisuwa biyu, da a daren nan garin ya ɗauka cewa yana fushi da mijin 'yarsa.

Na sami Yaya a bakin rijiyar masallaci yana wanke tawadar hannunsa. Na ce ni na kawo tsohon, ni na zaɓi wurin. Ya ci gaba da cuɗa hannu.

Ya ce, “Na sani. Wa zai yi wannan in ba mai ilmi ba?”

“Da ka ɗaga masa hannu ka wuce, ka dawo ka gaishe shi.”

“Kai za ka iya?”

“Ban yi aure ba.”

“To ka yi, sannan ka zo ka koya mini.” Ya yarfe ruwan. “Abin da ya dame ni ɗaya ne, Malam. Na zura a gabansa, kuma a banza.”

Shekaru bayan haka, da na koma aikin rediyo, nakan karanta labarin gudun fanfalaki na ƙasashen duniya, kuma nakan ji masana na gardama a kan yawan saurin da irin waɗannan 'yan tsere ke bukata. Wasu su ce ƙarfin jurewa ne kome, wasu su ce sai da wutar ƙarshe. Abin da na gani a Wudil shi ne: mai dogon gudu ba ya bukatar saurin mai yadi ɗari, ko kusa. Yana bukatar ɗan abin da zai zaro sau ɗaya, na taku ashirin ko talatin, bayan ƙafa ta riga ta mutu. Yaya yana da shi. Sai kuma a duba wanda aka zaunar a bakin hanya, abin da ban taɓa jin wani masani ya ambata ba.

Malam ya rubuta sakamakon a littafinsa, ya riƙa koyar da shi a aji a matsayin hujja. An ce minti arba'in da biyun ne kawai ya daina faɗa.

Saurayin ya kwana huɗu ba ya iya taka ƙasa, saboda haka ni na kai takardun makon farko a kan kekena. Ranar ɗaya ga watan Nuwamba aka ba shi kaki da ɗamara. Yaya ya gama girbin dawa, ya bar gonar a hannun ƙanensa, ya tafi Kano dakon buhunan gyaɗa. Bayan shekara ɗaya ya aiko aka kai masa matarsa da yaran, kuma bai sake zama a Achika ba.